Bashin Kamfani a Wuyan Wa Yake?

Yi wa kamfani rajista a Najeriya ba ya ɗaukar dogon lokaci yanzu. Ka nemi suna a hukumar CAC, ka ba da sunayen daraktoci da lambar NIN ɗinsu, ka haɗa takardar manufofin kamfani da ta ƙa'idojin tafiyar da shi, ka biya kuɗi. Tun daga dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tilo ma yana iya kafa ƙaramin kamfani, da hannun jarin da bai gaza naira 100,000 ba. Da zarar satifiket ya fito da lambar RC, a idon doka an samu sabon mutum: yana saye da sayarwa, yana cin bashi, ana kai shi ƙara.

Ina taya 'yan kasuwa cike waɗannan takardu, kuma tambayar da dattawansu suka fi yi mini ba ta kuɗin rajista ba ce. Cewa suke: "Malam, in kamfanin ya karye, bashin a wuyan wa yake?" A doka amsar a fili take. Tun 1896 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke a shari'ar Salomon, wani mai sana'ar takalma a Landan, cewa kamfani daban, mai shi daban. Masu bin bashi su ɗebi abin da ya rage a kamfanin. Gidan mai shi ba nasu ba ne, sai in an tabbatar da zamba.

Amma mai tambayar ba kotu yake tsoro ba. Ya tashi yana jin yadda aka kawo gawar wani mai bashi, Annabi (SAW) ya ƙi yi mata salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. To, yaya takarda daga Abuja za ta sauke abin da kabari bai sauke ba?

Malamai sun duba lamarin. Mufti Taƙi Usmani na Pakistan ya kawo misali da waƙafi da baitulmali, waɗanda ke mallaka ana kuma bin su bashi alhali ba 'yan Adam ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta kamfani mai iyakantaccen alhaki, da hujjar cewa masu hulɗa da shi sun san haka yake, don haka ba a yaudare su ba.

Wannan hujjar ce nake so mu riƙe, domin a kasuwanninmu sau da yawa ba ta cika. Banki ya san ma'anar "Ltd", wato iyakantaccen alhaki, shi ya sa yake sa darakta ya tsaya wa bashin da kansa. Amma dillalin da ya ba ka dila goma ta atamfa a Kantin Kwari bai karanta takardunka ba. Fuskarka ya duba, ya san mahaifinka, kuna sahu ɗaya a masallaci. Kai ya ba wa, ba lambar RC ba. In kasuwa ta juya ka ce masa ya je ya bi kamfani, wataƙila ka tsira a gaban alƙali, amma ni a ganina ka ci amana, kuma bashin yana nan a wuyanka.

Ban ce a guji rajista ba. Tana kare dukiyar marayu daga rikicin abokan ciniki, tana buɗe ƙofar kwangila da asusun banki. Sai dai ɗan'uwa, kafin ka karɓi kayan mutum, faɗa masa ƙarara wa ke cin bashin, kai ko kamfani, ku rubuta da shaidu. In ba za ka iya faɗa masa ba, to ka shirya biya daga aljihunka.