Waƙar Tuwo Kwaɗayi Ce?

Wai shin macen da ke jin daɗin waƙar abinci, har ta haddace ta riƙa rera wa ƙawayenta, makwaɗaiciya ce? Akwai masu cewa haka. Hujjarsu ita ce kunya ta hana Bahaushiya nuna son ci. Amarya ma sai an yi da gaske take taɓa kwano a gaban dangin miji, to ina kuma a ce ta zauna tana yi wa dambun nama kirari?

Ni dai ban yarda ba. 'Yar'uwa, duba inda waƙoƙin nan suka fito mana. A gindin turmi da dutsen niƙa aka haife su. Kafin injin niƙa ya shigo unguwanni, iyayenmu kan durƙusa tun asuba suna niƙa dawa, waƙar ce ke rage musu nauyin dutse. A cikinta mace ke yabon hatsinta, ta yi wa kishiya habaici, ta amayar da abin da ba ta iya faɗa wa maigida ido da ido. Masu lugude kuwa taɓarya ce gangarsu. Kai, ko marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ai da ƙwarya ake yi mata kiɗa, irin wadda muke dama fura a ciki. Wadda ta sha hayaƙin murhu, in ta yabi tuwonta, guminta take yabo.

Inda nake da ja shi ne wajen rabawa. Yanzu baiti ɗaya sai ya zaga gari a WhatsApp kafin la'asar, ga hoton farfesun kaza a ƙarƙashinsa. A da, mai waƙar daka ta san wa ke jin ta a bayan katanga, ta san gidan da hayaƙi bai tashi ba, in ta sauke sai ta aiki yaro da kwano. To a waya wa za ki aika? Cikin matan da kike tura wa akwai wadda tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ba ta ganin nama sai da Babbar Sallah. Ita ma za ta karanta, ta turo miki alamar dariya, ta kife wayar, yara na tambayarta yaushe za a ɗora tukunya.

Ni kam har gobe ina tura waƙar miyar kuka da ta ɗanwake, don kusan kowane gida na da rabo a cikinsu. Ta kaza ce nake riƙewa, sai ranar da na yanka guda biyu.