Tattali

Goggona ta tashi a hannun kishiyar uwa. Tana 'yar shekara bakwai ake ɗora mata farantin ƙuli-ƙuli ta zaga unguwa, ranar da ciniki bai cika ba kuwa da yunwa take kwana. Ni na yi wayo ne na same ta da babban kasko da 'yan aiki, masu sarin man gyaɗa suna sallama a ƙofarta tun da sassafe. A ƙarƙashin gadonta akwai gwangwanayen madara guda biyu. Da yamma, in an matse tunkuza an gama tuya, sai ta shimfiɗa zani ta zube cinikin ranar. Ta fara ware kuɗin gyaɗa, da na markaɗe, da na itace, ta zuba a gwangwani na farko ta rufe. Abin da ya rage ta zuba a na biyu, shi take kira nata. Ko wa ya zo da kuka, hannunta ba ya komawa ga na farkon. "Wannan uwar kuɗi ce," in ji ta, "wa ya taɓa yanka uwa don ya ciyar da 'ya'ya?"

Wannan halin ake kira tattali, kuma a ganina ya fi rance da tallafi muhimmanci ga mace mai sana'a, musamman wadda ta sha wuya tana ƙarama. Talaucin yarinta yana barin tabo. Yarinyar da aka taɓa kora daga gidan biki saboda tsumman jikinta, ranar da kuɗi ya shigo hannunta zuciyarta za ta ce ta rama: kowane anko ta shiga, gudummawarta ta fi ta kowa. Ban ga laifinta ba, na san zafin da take son gogewa. Amma daga jari ake zarar kuɗin, kuma jari ba ya kuka in an taɓa shi. Sai ranar sari ta ga tiya goma ta koma bakwai.

Bashi ma haka yake cin jari a ɓoye. Ƙanwar miji ta aiko a ba ta kwalba biyu, maƙwabciya ta ce sai ƙarshen wata, kunya ta hana a tambaya. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Littafin 'yan makaranta da biro sun isa. Wadda ba ta yi boko ba ta sa ɗanta ya rubuta mata, ko ta rubuta da ajami.

Wasu suna ɗaukar tattali rowa ce, kuma Goggo ta sha wannan suna a dangi. Marowaciya tsoro ne ke riƙe hannunta, ko kanta ba ta iya ciyarwa. Goggo kuwa daga gwangwani na biyu ta yi zubin adashi, ta aurar da 'ya'ya, ta riƙe marayu biyu da ba ta bari sun ɗauki talla ko sau ɗaya ba.

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na markaɗe da farashin gyaɗa suka tashi tare. Mata da yawa a layinmu suka kife kasko, domin abin da suke ɗauka riba ashe jarinsu ne suke ci. Goggo ta rage yawan abin da take soyawa, ta ƙara wa kwalba kuɗi, ta yi watanni gwangwani na biyu kusan wayam. Har yau, bayan sallar asuba, ƙamshin gyaɗa daga gidanta yake fara tashi.