Wa ke riƙe da mafici?

Cikin littattafan soyayya da ke yawo hannu-hannu tsakaninmu, daga kwalejin ƙauye har jami'ar Tawa, babu masu saurin yagewa kamar na sarauta. Wanda bai samu na takarda ba yana da shi cikin salula, ko rubutacce ta WhatsApp, ko wanda wata ta karanta da murya. Kun san fasalinsu. Yarima mai izza wanda ba ya dariya, gimbiya ko ɗiyar talaka mai kyau, Fulani uwar sarki da makircinta, jakadiya mai kai saƙo, dogarai, alkyabba, kakaki da algaita. Ina cikin masu karantawa, kuma tambayata ita ce: mi muke nema cikin fada, mu da mafi yawanmu ɗiyan manoman hatsi da albasa ne?

Abu na farko a fili yake: a fada kuɗi ba ya hana aure. Nan Allakaye saurayi na iya son yarinya shekara uku, amma sai ya tafi bida Abijan ko Libiya ya haɗo sadaki da akwati, wani lokaci kafin ya komo an ɗaura mata da wani. Yarima ba ya lissafin damma. Marubuciya ta ɗauke mashi yunwa, bashi da fari, sai ta bar shi da zuciyarshi kaɗai. Mai karatu na samun abin da rayuwa ba ta cika ba shi ba, wato ya ga so tsantsarshi, ba tare da farashin buhu a gefe ba.

Na biyu ya fi zurfi. Waɗannan littattafai sun mai da kunya abin daɗi. A gida kunya takura ce: kar ki dube shi, kar ki faɗi sunanshi, kar a gan ku bayan magariba. A fada dokokin sun ninka namu, amma kowace doka tana ƙara wa labarin zuma. Kallo ɗaya ta bayan labule na iya cin shafi biyar. Turare da aka aiko ta hannun jakadiya ya fi wasiƙa magana. Yarinyar da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai tana karantawa ta ga ashe sunkuyawar ma tana da iko, tunda ita ce ta durƙusar da mai mulki. Ba mu kaɗai ke da wannan ƙishirwa ba. Turawan Ingila har gobe suna karanta Pride and Prejudice na Jane Austen da ya fito a 1813, kuma shirin Bridgerton da Netflix ta fara nunawa a 2020, daga littattafan Julia Quinn, ya kama duniya da irin wannan jan rai na rawa, ziyara da jiran wa zai fara magana.

Masu sukar littattafan soyayya sun daɗe da cewa suna ɓata tarbiyya. A Kano, inda wannan adabi ya yi ƙarfi tun zamanin Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, har ƙona littattafai an yi a bainar jama'a a 2007, lokacin gwamna Ibrahim Shekarau. Ni wannan suka ba ta gamsar da ni ba. Yarinyar da ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi bitar darasi da tocila, in ta ba kanta rabin awa cikin fada ba ta zalunci kowa ba. Kuma da yawa cikinmu, da muka yi lakkol da Faransanci, ta waɗannan littattafai muka saba da karatun Hausa.

Damuwata wani wuri take. Ku duba kowane shafi da gimbiya ke kishingiɗe. Akwai wata a tsaye tana yi mata fifita. Wata na matsa mata ƙafa, wata ta durƙusa da ƙwaryar fura. Ana ce musu kuyangi ko bayi, sau da yawa ko suna ba su da shi, ana jera su tare da darduma da kaskon turare don a nuna girman gidan. Duk mai karatu gimbiya take ɗaukar kanta, ko yarima. Ban taɓa jin wanda ya rufe littafi ya ce ya ji zafin hannun mai mafici ba.

Da a ce bauta tatsuniya ce a ƙasarmu, da sai in yi shiru. To ba tatsuniya ba ce. Sai a 2003 Nijar ta sanya bauta cikin laifukan da doka ke hukuntawa. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita jika 240 a 1996, ta zama wahayya a yankin Ƙwanni, wato matar da ake ajiyewa bayan huɗu, ba sadaki, ba haƙƙin matar aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta yanke a biya ta miliyan 10. Wannan cikin jiharmu ta Tawa ya faru, lokacin da wasunmu ke rarrafe. Kuma ko an bar batun wahayya, wa cikinmu bai san auren da ya watse ba saboda an bincika an ce yarinya ko yaro "ba shi da asali"? Ana faɗin kalmar a hankali, a zaure, goro ya koma inda ya fito.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Littafi zai fara kamar yana yaƙi da wannan tunani: yarima ya so baiwa, fada ta girgiza, mu kuma muna murna so zai karya asali. Sai can kusa da ƙarshe wata tsohuwa ta bayyana da zobe ko tabon haihuwa, a gano ashe baiwar ɗiyar sarkin wata ƙasa ce da aka sace tana jinjira. Kowa ya huta. To mi aka koya mana? Cewa kyanta da hankalinta daga jinin sarauta suka zo, kuma yarima bai yi kuskure ba don jininshi ya gane jini. Sauran kuyangin, waɗanda ba a gano musu zobe ba, suna nan tsaye ranar biki, su ne ma ke ɗaukar kayan amarya. Labarin ya ranci tausayinmu ga baiwa, ya biya da shi bashin sarauta.

Wani abokina ya ce ina neman ƙashi cikin fura, labari labari ne. Akwai gaskiya a ciki, don ba wanda ya karanta littafin yarima ya fita neman bawa. Amma abin da ido ya saba tsallakewa a takarda yana saba tsallake shi a gari. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, tun 1934, ya bi uwa da ɗa cikin bauta har hamada, kuma Hausa ba ta rasa kalmomin faɗin wannan ciwo ba. Ashe ana iyawa.

Tarihinmu ma bai rasa fada ba. Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunanshi, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, da yadda Agabba ɗan sarkin Agadas ya ci ƙasar, zuriyarshi ta riƙe sarautar da ke Ilela yau. Akwai dawaki, akwai raƙuma, akwai auren siyasa, duk abin da marubuci ke so. Amma masarautun littattafanmu galibi ba su da suna na gaske, ba su da shekara, ba a san wa ke noma hatsin da fada ke ci ba.

Ina son in karanta labarin da yarima zai so mai mafici, a bincika asalinta har kaka na bakwai a tarar baiwa ce ɗiyar baiwa, babu zobe, babu tsohuwa. Ina son in ga mi Fulani za ta ce, mi liman zai ce, da kuma ko ita yarinyar ma tana son shi, don wannan ba a cika tambayarta ba. Na kawo shawarar a zamanmu na ƙungiya. Mutum biyu sun ce za su gwada, ɗaya ta ce ita in babu zoben ba za ta wuce shafi na ashirin ba.