Falle da Fihirisa: Mas'alar Sashe da Gabaɗaya a Taswirar Burtali

Daga cikin filayen da ake aunawa a zana, babu mai wahalar da takarda kamar fili mai tsawo marar faɗi, irin burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki domin su isa makiyaya da mashaya. A ƙasa irin ta Gololo, cikin ƙaramar hukumar Gamawa a yankin Katagum na Jihar Bauchi, inda noman gero da wake da riɗi ke kafaɗa da kafaɗa da kiwo, irin wannan fili yakan jawo shari'a, kuma shi ne zane ya fi kasa riƙewa. Dalilin na lissafi ne: idan aka ɗauki misalin burtali mai tsawon kilomita 30 da faɗin mita 50, aka zana shi da ma'aunin 1:5,000, wato kowace santimita ɗaya a takarda tana wakiltar mita 50 a ƙasa, faɗinsa zai zama santimita ɗaya tak, alhali tsawonsa yana bukatar takarda mai mita shida. Idan kuwa aka matse shi zuwa ma'aunin 1:100,000 domin ya shiga shafi guda, faɗin nan da ake husuma a kansa sai ya koma rabin milimita, abin da kaurin layin alƙalami kaɗai ya isa ya haɗiye.

Mafitar da masu safiyo suka samu ita ce yanka zanen falle-falle, kowane falle ya ɗauki yanki guda da cikakken bayani, ana jera su bisa karkatar filin, ana barin bakin kowane falle ya ɗan hau kan na kusa da shi domin a ga inda suka haɗu, sannan a ba kowanne lamba. Daga nan sai a yi wani zane dabam mai ƙaramin ma'auni, wanda ke nuna filin baki ɗaya da gidajen fallayen a kansa kamar gidajen dara, kuma shi ne ya dace a kira fihirisa, aron sunan da malamai ke ba jerin babuka na littafi. Dabarar tsohuwa ce, domin a shekarar 1154 al-Idrisi ya kammala wa Sarki Roger na biyu na Sisiliya littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ, inda ya kasa duniyar da aka sani gida bakwai daga kudu zuwa arewa, kowane gida kuma kashi goma, ya fitar da taswira 70 waɗanda tsarin lambobinsu ne ke gaya wa mai karatu wurin kowacce.

Tambayar da wannan aiki ke tayarwa ita ce: a ina gaskiyar burtali take, a falle ko a fihirisa? Falle yana ɗauke da duk abin da ido ke gani, shingen aguwa da rijiya da bakin kunyar ƙarshe ta gonar wane, amma ba ya iya faɗin cewa abin da ke cikinsa hanya ce, domin a iyakar ganinsa fili ne kawai da ba a nome ba. Fihirisa kuwa ba ta nuna rijiya ko shinge, kuma alƙali ba zai raba gardamar taki biyar da ita ba, sai dai ita kaɗai ce ke shaida cewa waɗannan gutsattsarin abu ɗaya ne mai mafari da maƙura.

Malaman manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani ingantacce, wanda ɗaliban zaure ke karantawa a Sullamul Munauraƙ na al-Ahdari, sun bambance hukuncin da ke kan tarin abubuwa a haɗe, wanda suke kira kullu, da hukuncin da ke kan kowane ɗaya daga cikinsu, wanda suke kira kulliyya. Wannan bambanci shi ne ke raba gona da burtali. Amfanin gona ya yi kama da kulliyya, tunda kowace kunya tana ba da hatsinta, kuma idan aka yanke mata sulusi, abin da ya rage gona ne har yanzu, shi ya sa ake raba ta gado ba tare da ta rasa sunanta ba. Amfanin burtali kuwa kullu ne tsantsa, domin idan aka toshe mita 100 kacal a tsakiyarsa, sauran kilomitocin sun tashi daga zama hanya, ko da kowane falle nasu ya nuna su lafiya lau. Saboda haka fallaye goma sha ɗaya cikin goma sha biyu suna iya zama daidai ƙwarai, amma abin da aka yi su dominsa ya riga ya mutu.

Fiƙihun Malikiyya ya san irin wannan haƙƙi tun da daɗewa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Ta'alimur Radi, ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke samun keɓantaccen haƙƙi a kan mataccen fili, kuma a wannan babi ne malamai ke tattauna harimi, wato kewayen gari ko rijiya da amfaninsu ba ya cika sai da shi, da hima, wato filin da shugaba ya killace domin maslahar jama'a. Hadisi ya zo da tsinuwa ga mai sauya alamomin iyakar ƙasa, wani kuma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Abin lura shi ne mai cin burtali ba kasafai yake jin ya ci iyakar kowa ba, domin babu maƙwabcin da zai fito ya yi masa magana, kuma kunya biyu da ya ƙara bana ba su da yawa a idonsa; yana auna laifinsa da ma'aunin falle, alhali wanda ya cuta yana can nesa da garkensa, sai kaka zai iso ya tarar da hanya a rufe.

Nan ne mas'alar ta taɓa babin shaida. Mai unguwa da dagaci sun san yankinsu ciki da bai, suna iya nuna inda kakan wane ya dasa shinge, amma saninsu yana ƙarewa inda ikonsu ya ƙare. Makiyayi ya san tsawon hanya da ƙafarsa, zango bayan zango, amma ba shi da hujja a kan faɗinta a kowane ƙauye. Kowannensu yana iya rantsuwa da gaskiya su kuma saɓa, kuma hukuncin da aka gina kan ɗayansu kaɗai gurgu ne. Dokoki ma sun gaji wannan rarrabuwa, domin dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta fito ne lokacin da Arewa take ƙarƙashin gwamnati ɗaya, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara, ta yadda kowace hukuma ta zama mai riƙe da fallenta.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa mai riƙe da fihirisa ya kewaye abin da sani. Layukan da ke raba fallaye babu su a ƙasa, mai zane ne ya zaɓe su gwargwadon girman takardarsa, haka nan shi ya yanke inda zanen zai fara da inda zai tsaya. Malaman tauhidi sun keɓe wa Allah sanin da ke haɗa gabaɗaya da filla-filla a lokaci guda ba tare da ɗaya ya rage ɗaya ba, ɗan Adam kuwa duk lokacin da ya faɗaɗa dubansa sai ya biya da rashin ganin ƙananan abubuwa. Ita kanta fihirisa falle ce a cikin wata da ta fi ta: wadda aka zana a ofishin filaye na Jihar Bauchi za ta tsaya a iyakar gabashin Gamawa, inda Jihar Yobe ta fara tun ƙirƙirarta a 1991, shanun kuwa za su wuce, kuma abin da mai zane mai amana ke iya yi a wannan baki shi ne ya ja kibiya, ya rubuta sunan ƙasar da hanyar ta shiga.