Alƙunutu da rumbun Annabi Yusufu

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke mana wuta, shinkafa da magani suka yi tsada a Yamai. Masallatai suka cika, aka yi ta alƙunutu. Madalla, domin ambaton Allah shi ke kwantar da zuciyar da ta firgita. Sai dai ina tambaya: wanda ya ɗaga hannu a sahun gaba, alhali ya kulle buhunan shinkafa yana jiran farashi ya hau, wane tawakkali gare shi? Annabi Yusufu (AS) ya tara hatsi shekara bakwai. Da fari ya zo sai ya buɗe rumbu, har 'yan'uwansa da suka jefa shi rijiya ya auna musu.