Abokin Tafiyar da Ba a San Sunansa Ba

A watan Maris na 2012 wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna thatgamecompany ya fitar da wani wasan bidiyo da ya raɗa wa suna Journey, wato tafiya, don na'urar PlayStation 3. Wanda ya jagoranci aikin, Jenova Chen, haifaffen birnin Shanghai ne na ƙasar Sin. Wasan bai yi kama da na ƙwallo ko na harbe-harbe da samari ke cincirindo a kansu a rumfunan wasa na Agadas ba. Babu maki, babu bindiga, kuma babu kalma ko ɗaya da ake furtawa cikin labarin. Mai wasa yakan tsinci kansa cikin siffar wani taliki mai jan mayafi, marar hannuwa, tsaye a tsakiyar rairayi, ga wani dutse can nesa da haske ke fita daga ƙwanƙolinsa. Ba wanda zai ce masa ya nufi dutsen, sai dai ido ba ya da wani abin kamawa in ba shi ba. Yakan ratsa kufan wani birni da yashi ya cinye, inda ƙyallaye ke shawagi kamar kifaye, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa inda dodannin dutse ke sintiri, sannan ya shiga ƙanƙara, iska na mayar da shi baya, har ƙarfinsa ya ƙare ya faɗi. Wasu masu fararen tufafi su tashe shi, ya yi fiffike zuwa kan dutsen, ya shige cikin haske, tauraro ya maido shi inda ya faro. Duka-duka awa biyu ke nan, ko ƙasa da haka.

Abin da ya sa aka daɗe ana zancen wasan shi ne wani abu da ke aukuwa a tsakiyar hanya. Ana cikin tafiya sai a hango wani mai jan mayafi kamar mutum, yana nasa yawo. Wannan ɗan Adam ne na gaske, yana zaune a wani ɗaki a wata ƙasa, intanet ta haɗa su ba tare da ɗayansu ya zaɓa ba. Ba a nuna sunansa, ba a iya rubuta masa saƙo, ba a iya yi masa magana; ɗan sauti ɗaya kawai kowa ke iya fitarwa, mai kama da kukan tsuntsu. In sun matsa kusa da juna, gyalen da ke ba su ikon tashi sama yakan sake cika, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a cikin ƙanƙara, inda sanyi ke cinye shi.

Masu wasa sun rabu a kan abin. Wasu sun ce an ci kuɗinsu: dalar Amurka 15, wajen jikka bakwai da rabi na sefa a canjin wancan lokaci, a kan abin da ke ƙarewa kafin shayi ya kai na uku, ga shi kuma ba su gane inda labarin ya dosa ba. Wasu kuwa sun rubuta cewa sun yi kuka, sun kuma shiga neman wanda ya raka su don su yi masa godiya. Ta zama al'ada, in an iso ƙarshe, ɗaya ya zana siffar zuciya da sawunsa a kan ƙanƙara don ɗan'uwansa ya gani. A 2013 Chen ya karanta a gaban taro wasiƙar wata yarinya ƴar shekara 15 wadda ta yi wasan tare da mahaifinta kafin ciwo ya ɗauke shi. A shekarar ce kuma wasan ya ci kyautuka biyar na BAFTA a Ingila.

Kukan gajarta ba ya buƙatar dogon bayani a ƙasar da ta san tatsuniya. Babu yaron da ya taɓa cewa kakarsa ta cuce shi don labarin Gizo da Ƙoƙi bai kai asuba ba, ko don ya ji ƙwarya ta yi magana. Amma inda kuɗi ya shiga, awo yakan biyo baya. Tun 2015 kasuwar wasanni ta Steam ta kafa ƙa'idar mayar wa mai saye kuɗinsa muddin bai wuce awa biyu yana wasa ba, cikin kwana 14 da saye. An yi ta ne don kare mai saye daga ruɓaɓɓen kaya, sai ta zama ƙofa ga wanda zai cinye tuwo ya ce a maido masa kuɗin miya. A 2021 mai kamfanin Emika Games ya ba da sanarwar zai jingine sana'ar, saboda mutane na gama wasansa Summer of '58 cikin kamar awa ɗaya da rabi, su yaba, su karɓe kuɗinsu. Ƙa'ida ta ba su dama, gaskiya ne. Kunya ce ba ta zo wurin ba.

Tambayar da ta fi wuya tana wajen masu kukan. Godiyar da suke yi wa baƙon nan, tana da tushe kuwa? Shin alheri ne ya yi musu, ko dai tsarin wasan ne bai bar masa wata hanya ba?

Chen da kansa ya ba masu shakka makami. Ya sha ba da labarin cewa a gwajin farko, lokacin da siffofin ke iya tunkuɗar juna, abokan aikinsa, waɗanda suka fi kowa sanin manufar wasan, sai suka riƙa ingiza juna cikin halaka suna dariya. Abin ya dame shi, har wani da ya karanci halayyar ƙananan yara ya ce masa wanda ya shiga sabuwar duniya kamar jinjiri yake, abin da ya fi ƙara shi yake maimaitawa. Sai aka cire tunkuɗa ɗungurungum, aka cire magana don kada a yi zagi, aka ɓoye suna don kada a san ƙasa ko addini ko jinsi. Mai shakka zai ce: an ɗaure wa kura baki an ce ta tuba. A littafin Jamhuriya na Aflatun akwai labarin wani makiyayi, Gijas, da ya tsinci zobe mai ɓatar da mai shi daga idon mutane, irin abin da Bahaushe ke kira layar zana, ya kuwa yi amfani da shi ya kashe sarki ya hau gadonsa. Wanda ya kawo labarin so yake ya nuna cewa adalcin mutane tsoron ido ne kurum. Journey ya rataya wa kowa layar zana, amma sai da ya fara ƙwace masa wuƙa. Ta yaya za a yabi wanda bai soki kowa ba alhali ba ya da abin suka?

Mutumin Abzin ya fi kowa cancantar auna wannan hujja, domin shi tafiyar hamada ba hoto ba ce a wurinsa. Ayarin gishiri da ke tashi bayan damina zuwa Fashi da Bilma, wajen kilomita 600 gabas da Agadas, ɗauke da hatsi, ya komo da kantu da dabino, yana da ƙa'idoji masu tsanani: ana bin madugu ba gardama, ana tafiya tun safe har dare ya yi nisa, ba a tsayawa don mutum ɗaya ya huta, ruwan salka kuma da lissafi ake shan sa. Za a iya cewa a nan ma Tenere ce ta tilasta zumunci, tunda ba mai ƙetare ta shi kaɗai. Amma ba wanda ya taɓa jin an ce amanar abokin ayari ba ta da lada don kawai yana buƙatar ɗan'uwansa. Abin da ke sa ta yi nauyi shi ne cin amana mai yiwuwa ne, kuma an sha ganin sa. Bayan dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda aka soke a watan Nuwamba na 2023, direbobi da yawa sun kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun jami'an tsaro, wasu kuma suka riƙa zubar da fasinjoji a tsakiyar rairayi su gudu. Mafi yawan zaluncin da ake yi a hamada ba da hannu ake yin sa ba. Tafiya ake yi a bar mutum.

To, wannan ƙofar ce kaɗai Chen bai rufe ba. A cikin Journey ba a iya dukan abokin tafiya, amma ana iya barin sa. In dodo ya fyaɗe shi ya yage masa gyale, ya koma yana jan ƙafa, babu abin da zai hana wanda ke gaba ya wuce abinsa. Ba za a rage masa komai ba, ba kuma wanda zai sani. Wanda ya tsaya, ya juyo, ya yi ɗan kukan tsuntsun nan don na baya ya gane hanya, ya ba da abu ɗaya da yake da shi na gaske a wurin, wato lokacinsa. Akwai ma waɗanda suka tattara dukan alamomin da ke ɓoye cikin wasan suka sami farin mayafi, ba sauran abin da za su ci, amma suna komawa farko don kawai su raka sababbi, su nuna musu maɓoya. Waɗannan madugai ne ba da lada ba. Kyautar ƙarama ce, kada a kumbura ta: minti biyar na jira a gaban talabijin ba ya kama ƙafar kurɓin ruwan da aka raba a Tenere. Sai dai jinsinsu ɗaya, kamar yadda ƙwayar gero da damin gero suke abu ɗaya. Godiyar masu kuka ba ta faɗi a banza ba.

Malaman Faransanci za su tuna da Saint-Exupéry, wanda jirginsa ya faɗi a hamadar Libiya a ƙarshen Disamba na 1935, shi da makanikensa Prévot, ƙishirwa ta kai su gargara kafin wani Balaraben ƙauye a kan raƙumi ya shayar da su. A littafinsa Terre des hommes na 1939 ya nuna cewa fuskar mutumin ta ɓace masa, kuma daidai wannan ɓacewar ce ta sa yake ganin sa cikin kowane ɗan Adam. Zance ne mai daɗi, ko da yake mai karatu na Agadas yana da damar ya yi ɗan murmushi: an san sunan matuƙin da ya ɓata, an san na makanikensa, wanda ya cece su ne kaɗai ya rasa suna.

Daga wannan murmushin ne wani ƙorafin ke fitowa, wanda masu wasan Turai da Amurka ba su cika kawowa ba. Hamadar Journey zinariya ce, ana zamiya a kan tuddanta kamar yara a bakin gulbi, ba ƙishirwa, ba mushen raƙumi, kuma wanda ya faɗi ana tashe shi. Ba yau aka fara mayar da Sahara filin wasan baƙi ba. Tseren motoci na Paris-Dakar ya ratsa Agadas tun zagayensa na farko a watan Janairu na 1979. Shekara ɗaya da ƴan watanni bayan fitowar Journey, a watan Oktoba na 2013, aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, galibinsu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace. Gwamnati ta yi shelar makokin kwana uku. Wanda ya san wannan, in ya ga mai jan mayafi ya durƙusa sannan farare sun ɗaga shi, ba lalle ya ji abin da ɗan Tokyo ya ji ba, kuma in ya ajiye abin wasan ya tashi, ba a ce bai fahimci fasaha ba.

Duk da haka, ɗora wa wasan laifin ƙarya zai yi yawa. Bai ce Sahara yake nunawa ba, kamar yadda dajin tatsuniya ba dajin Gadabeji ba ne. Rairayinsa rayuwa ce, dutsensa kuma ajali, shi ya sa yarinyar nan ta ga mahaifinta a ciki. Haɗarin yana wajen wanda bai san wata hamada ba sai wannan. Ɗalibin lise na Agadas ba ya cikin wannan haɗari, hasali ma shi ne ya fi dacewa a zaunar a gaban wasan, tunda yanzu ana samun sa a kwamfuta da wasu wayoyin salula, a kuma tambaye shi bayan awa biyu abin da masu ƙirar suka gane game da tafiya da abin da ya kuɓuce musu. Darasin falsafa a kan ƴanci da alhaki zai fi kama ƙasa ta nan fiye da ta zoben Gijas.

Akwai wani abu da wasan ke ajiyewa sai can bayan an gama, sunayen masu aikin sun wuce. Allo yakan fito da sunayen laƙabin waɗanda aka haɗu da su a hanya. Da yawa daga masu wasa a nan ne suke gane cewa wanda suka ɗauka aboki ɗaya ne tun daga rairayi har ƙanƙara, ashe mutum uku ne ko huɗu: na farko ya kashe na'urarsa ya tafi barci, wani ya maye gurbinsa a bayan wani tudu, ba su lura ba. Wanda aka zana wa zuciya a kan ƙanƙara sau da yawa ba shi ne wanda ya yi jiran ba.