Tashi Ka Ci, Gama Tafiya Na Da Nisa: Gargaɗi a Kan Ciwon Damuwa



A cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura ta 19, muna samun Annabi Iliya cikin wani hali da ba mu saba ganin annabi a cikinsa ba. Ga mutumin da ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel, ya yi addu'a wuta ta sauko daga sama, sai ga shi yana gudu domin barazanar Yezebel. Ya bar baransa a Biyasheba, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Bari mu lura da abin da Ubangiji ya yi masa. Bai tsawata masa ba, bai kuma ce bangaskiyarsa ta kasa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, har sau biyu. Sai da jikin annabin ya yi ƙarfi kafin Allah ya yi magana da zuciyarsa a Dutsen Horeb.

Mun ɗauko wannan labari ne domin akwai masu kama da Iliya da yawa a kan kujerun majami'unmu. Suna zuwa Misa, suna gaisawa da mutane, in an tambaye su su ce lafiya lau, alhali kuwa a ciki fitilarsu ta kusa mutuwa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma akwai fuskar da ta koyi ɓoye labarinta saboda tsoron bakin mutane.

Ya kamata mu fara rarrabe abubuwa biyu. Baƙin ciki na yau da kullum rabon kowane ɗan Adam ne: rashi, asarar gona, faɗuwa jarrabawa, duk suna sa zuciya ta yi nauyi, sa'an nan a hankali ta sake. Ubangijinmu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Ciwon damuwa kuwa wani abu ne dabam. Likitoci sukan gane shi idan mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kowace rana, zuciyarsa a karye, abin da dā yake faranta masa rai ya daina. Barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, gajiya ta rufe shi, yana ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har tunanin mutuwa ya riƙa zo masa. Akwai kuma wani nau'in da yake juya mutum tsakanin hali biyu: wani lokaci ya yi kwanaki ba ya neman barci, yana magana ba tsayawa, yana ɓarnar kuɗi da shirye-shiryen da suka fi ƙarfinsa, daga baya kuma ya faɗa cikin duhun damuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma fiye da mace ɗaya cikin goma masu juna biyu ko masu jego tana fama da shi.

Daga ina yake zuwa? Ba shi da tushe guda. Akwai gado, akwai cutar jiki kamar ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo, akwai kuma masifar da ta auka wa mutum, kamar yadda 'yan'uwanmu da rikici ya raba da ƙauyukansu suka sani. Sa'an nan akwai ƙananan abubuwa na yau da kullum da suke taruwa su raunana zuciya, kamar yadda gara take cin azara ba a sani ba. Babban mutum yana bukatar barcin sa'a bakwai ko fiye, amma ga matasanmu suna raba dare a kan waya. Ga yunwa, ga bashi, ga zafin bazara da ke hana runtsawa, ga faɗan gida da ba ya ƙarewa, ga kaɗaicin gwauruwa da tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni. Wasu sukan nemi sauƙi wurin burkutu ko ƙwaya, su sami mantuwa na dare ɗaya, gari ya waye ramin ya ƙara zurfi. Yawan shan maganin tari mai kodin ya kai har gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a shekarar 2018.

A nan ne, ya 'yan'uwa, dole mu binciki lamirinmu. Sau nawa muka ce wa mai damuwa rashin addu'a ne ke damunsa? Sau nawa muka ce mai jegon da ta kasa murna da jaririnta an yi mata sammu ne, muka kwashe kuɗin gida muka kai wa boka? Irin wannan shari'a ce abokan Ayuba suka yi masa, Allah kuwa ya yi fushi da su. Ikilisiya Katolika ba ta koyar da haka ba. Littafin Sirak, sura ta 38, ya umarce mu mu girmama likita, gama Ubangiji ne ya halicci magunguna daga ƙasa. A watan Nuwamba na 2003 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi jawabi ga taron da aka yi a Batikan musamman a kan wannan ciwo, inda ya yi kira ga jama'ar Allah su miƙa hannu ga masu fama da shi. Katekism na Ikilisiya kuma, wanda ya fito a 1992, a sashe na 2282 da na 2283, ya koyar cewa tsananin ciwon tunani yana iya rage alhakin wanda ya ɗauke ran kansa, kuma kada mu fid da zuciya a kan cetonsa. Saboda haka kada a ƙara wa iyalin da wannan masifa ta sama kunya a kan makokinsu.

Muna kuma da misalai masu kyau. A garin Geel na ƙasar Beljiyam, inda ake girmama Waliyya Dimfna, iyalai sun yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar masu ciwon tunani su zauna tare da su a gidajensu. A nan ƙasarmu, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma irin wannan tsari a Aro, kusa da Abeokuta, a shekarar 1954, inda marasa lafiya suke kwana a ƙauyuka tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana. Darasin ɗaya ne: magani yana aiki sosai idan ƙauna ta kewaye mara lafiya.

To, me za mu yi? Mu bi sawun mala'ikan Iliya. Idan muka ga ɗan'uwa ya daina zuwa kwaya ko Zumuntar Mata, ya rufe kansa a ɗaki, mu je mu zauna da shi, mu kai abinci, mu saurara fiye da yadda za mu yi magana. Idan abin ya wuce mako biyu, mu raka shi asibiti. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi kāre mutuncin mara lafiya. Maganin likita yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kada kuma a yanke shi farat ɗaya ba da shawarar likita ba. Idan wani ya ambaci kashe kansa, kada mu ɗauka wasa ne: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a nemi taimako a ranar.

Kai kuma da kake karanta wannan da zuciya mai nauyi, ka sani ciwonka ba zunubi ba ne. Ko addu'a ta gagare ka, zo ka zauna gaban Ubangiji shiru. Wanda ya yi baƙin ciki har ga mutuwa a Getsamani ya san yaren shirunka. Iliya ya zaci shi kaɗai ya rage, Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Ka faɗa wa Fada, ko katikis, ko wani amintacce, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Uwarmu Maryamu, mai ta'azantar da masu baƙin ciki, ta yi mana roƙo. Ubangiji ya ba mu idon gani da zuciyar tausayi. Amin.